Latke, soyayyen dankalin da Yahudawa ke yi a bikin Hanuka: amsoshin tambayoyinku

Tambayoyi sun taru mini a kan wannan abincin, wasu na girki ne zalla wasu kuma na tarihi, har da masu tambaya cikin ɗari-ɗari wai ko ya halatta a ci. Ni dai a hannun wata tsohuwa Bayahudiya na koya, maƙwabciyarmu lokacin muna zaune a Manchesta, iyayenta daga Folan suka yi hijira. Duk watan Disamba sai ƙamshin albasa da mai ya cika mana bene, ranar da na kasa haƙuri na ƙwanƙwasa mata ƙofa ita ce ranar da ta miƙo mini gireta ta ce zauna. Ga amsoshin nan, na haɗe masu kama da juna.

Anty wai menene latke ɗin ma tukuna?

Dankalin turawa ne ɗanye da ake gogawa da albasa, a matse ruwan, a fasa ƙwai a zuba ɗan gari da gishiri, sai a riƙa ɗiba da cokali ana sakawa a mai mai zafi ana danne shi ya yi faɗi kamar tafin hannun yaro. In ya soyu gefensa yana yin ƙaras-ƙaras da siraran zaruruwa, cikinsa kuma da taushi. Ba ƙosai bane ba kuma waina ba, amma in kin iya suyar ƙosai hannunki ya riga ya san rabin aikin.

Sunan daga Yidish ne, yaren Yahudawan gabashin Turai, su kuma sun aro shi daga maƙwabtansu masu yarukan Rasha da Yukiren da ke ce wa ƙaramar waina oladka, kuma in aka bi kalmar can baya ana dangana ta da kalmar Girkanci ta man zaitun. Kinga tun daga sunan ma mai ne a gaba. Da Ibrananci ana ce masa lebibot.

Me ya haɗa soyayyen dankali da bikin addini?

Man ne ya haɗa su, ba dankalin ba. Labarin yadda suke ba da shi: wani sarki Antiyokas na huɗu, daga zuriyar janar-janar ɗin Girka da suka gaji mulkin Siriya, ya hana Yahudawa addininsu wajen shekara ta 167 kafin haihuwar Annabi Isa, ya hana kaciya ya hana kiyaye Asabar, ya mai da Haikalinsu, wato babban ɗakin ibadarsu na Ƙudus, wurin bautar gumakan Girkawa. Sai wani liman daga ƙauyen Modi'in mai suna Matitiyahu da 'ya'yansa biyar suka yi bore, ɗansa Yahuda da ake wa laƙabi da Makabi ya ja yaƙin har suka ƙwato Haikalin a shekara ta 164 suka tsarkake shi. Kalmar Hanuka ma'anarta kenan, keɓe wuri da buɗe shi don ibada.

Toh da aka zo kunna fitilar Haikalin sai aka tarar tulu ɗaya tak na tsarkakakken man zaitun ya rage, wanda kwana ɗaya zai yi, amma ya ci kwana 8 har aka samu aka tatso sabo. Wannan ɓangaren na mai a Talmud ya zo, littafin malamansu da aka tattara ƙarnuka bayan abin ya faru, tsofaffin littattafan Makabi su yaƙin suka fi bayarwa. Daga nan al'adar ta samo tushe, kwana 8 ana kunna fitila ana cin abin da aka soya da mai. Babu inda aka ce sai dankali. Duk abin da ya shiga kasko ya yi wanka da mai ya biya buƙata.

Yaushe ake bikin? Na ga wata shekara a Nuwamba wata a ƙarshen Disamba.

Ranar 25 ga watan Kislef na kalandarsu yake farawa, da faɗuwar rana, don su ma yininsu daga magariba yake kamawa. Kalandar tasu ta wata ce amma suna ƙara wata guda sau 7 a cikin kowace shekara 19, shi ya sa bukukuwansu ba sa zagaya damina da rani yadda azuminmu ke yi, sai dai su ɗan matsa gaba su dawo baya. Hanuka kullum tsakanin ƙarshen Nuwamba da ƙarshen Disamba yake farawa.

Kuma ba ya cikin manyan idodinsu, ana zuwa aiki ana buɗe shago. Abin da ake yi shi ne kunna fitila mai reshe 9, takwas na kwanakin ɗaya kuma shamash, wato hadimi, da shi ake kunna sauran. Daren farko ɗaya, na biyu biyu, haka har takwas, in kika lissafa duka da hadimin kyandir 44 ake ƙonawa, shi ya sa kwalin kyandir ɗin bikin 44 ne a ciki. Maƙwabciyata a bakin taga take ajiye tata don masu wucewa su gani.

Kenan tun zamanin Makabi ake cin latke?

Ina! Makabi ko a mafarki bai ga dankali ba. Dankalin turawa ɗan tsaunukan Andis ne, can Peru da Bolibiya, sai a ƙarni na 16 'yan Sifen suka kawo shi Turai, kuma ya daɗe mutane suna masa kallon abincin dabbobi. A Folan da Yukiren sai wajen tsakiyar ƙarni na 19 ya zama abincin kowa, bayan an yi shekarun da hatsi ya ƙi, talakawa suka gano cewa wannan abin yana yi a ƙasa mara ƙarfi, yana cika ciki, kuma yana kwana a rami duk tsawon hunturu bai lalace ba. Yahudawan ƙauyukan nan yawancinsu talakawa ne tiɓis, abin da ke cikin rami a watan Disamba shi ne dankali da albasa, toh shi aka soya.

Kafin nan wainar cuku ake yi, musamman Yahudawan Italiya da ke yin ta da cukun rikota, a arewa kuma inda cuku ke tsada ana yi da garin wani hatsin ƙasashen sanyi da ake kira bokwit, ko kuma garin wani hatsin mai suna rai. Ita ma wainar cukun da nata labarin, na wata jaruma Yahudit da ta ciyar da kwamandan abokan gaba Holofanis cuku mai gishiri, ƙishi ya kama shi ya yi ta shan giya har ya bugu ya yi barci ta sare masa kai. Saboda ita har yau wasu gidaje suna cin kayan madara a Hanuka.

Abin da ke ba ni dariya, in kika ji yadda jikoki a Amurka ke maganar latken kakarsu sai ki ɗauka daga dutsen Sina'i aka sauko da shi, alhali bai fi shekara 200 ba a tukunyarsu. Kuma ba nasu bane su kaɗai, maƙwabtansu Kiristoci suna da irinsa, draniki a Belarus, deruni a Yukiren, platski a Folan, Jamusawa ma suna da nasu da ake sayarwa a kasuwannin Kirsimeti. Bambancin kawai su Yahudawa sun ɗaura masa ma'ana.

Da wane mai ake soyawa? Dole sai man zaitun?

A hankalce man zaitun ya kamata tunda shi ne na labarin, amma ina talakan ƙauyen Lituweniya zai ga man zaitun a 1850? Da kitse suke yi, shmalts suke ce masa, kitsen kaza ko na dinyar gida da ake narkawa da albasa a wuta kaɗan-kaɗan. Lokacin ma ya dace, da shigowar sanyi ake yanka dinyoyin da aka yi kiwo, a narke kitsen a ajiye wani don bikin Fesak na tunawa da fitarsu daga Masar, fatar da ta soyu ta ƙandare kuma, giribenes, yara su yi ta wawaso kamar yadda muke yi da ƙanzo. Maƙwabtansu da man alade suke suya, su kuma haramun ne gare su, shi ya sa dinya ta zama musu komai.

Yanzu kusan kowa man gwangwani yake amfani da shi. Man gyaɗa yana yi sosai don yana jure wuta. Man zaitun mai kyau ɗin nan asara ce, yana saurin hayaƙi ga tsada. Bota kuma ƙonewa take kafin dankalin ya nuna.

Ki ba mu yadda ake yi dalla-dalla don Allah.

Dankali kilo 1, albasa babba 1, ƙwai 2, fulawa cokali 3 na cin abinci, gishiri ƙaramin cokali 1 da ɗan ƙari, masoro, sai mai. Wannan zai ba ki kamar guda 15 zuwa 18, ya danganta da hannunki. Su sun fi sa garin matsa maimakon fulawa, wato burodinsu mara yis da aka daka, amma fulawa ta wadatar.

Ki fere dankalin ki riƙa jefawa a ruwan sanyi. Ki goga da gireta ta ɓangaren manyan ramuka, ki goga dankali biyu ki goga ɗan albasa, haka haka, albasar tana rage masa saurin canja kala. Sai babban aikin, ki juye a tsumma mai tsabta, irin abin tatar koko ɗin nan ya fi komai, ki tattare bakin ki murɗa a kan kwano iya ƙarfinki. In kin ji kin gama ki sake murɗawa. Tsohuwar nan shekararta sun haura 80 amma da ta karɓi ƙullin da na ce na gama matsewa sai da ta fitar da kusan rabin kofi, ta kalle ni ta saman tabarau ba ta ce komai ba, wallahi da zagi ta yi da ya fi mini sauƙi.

Kar ki zubar da ruwan nan nan take. Ki bar shi minti 5, ki tsiyaye a hankali, za ki ga farin abu ya kwanta a gindin kwanon kamar ƙullun kamu, sitacin dankalin ne, ki kankare shi ki mayar cikin haɗin, shi ke riƙe latken kar ya watse. Sai ƙwai da fulawa da gishiri da masoro, ki cakuɗa da hannu.

Mai a kasko mai kauri, zurfinsa kamar rabin gaɓar yatsa, ba iyo zai yi kamar ƙosai ba amma kuma ba shafawa za ki yi kamar na waina ba. Ki jefa zare ɗaya na dankali, in ya yi cuuu nan take toh ya yi. Ki ɗebi cokali biyu ki saka ki danne da bayan cokali, ki ƙyale shi minti 3 zuwa 4 har gefen ya yi ja, ki juya sau ɗaya kawai. Huɗu ko biyar a lokaci guda, kar ki cika kaskon. In kin tsame ki barbaɗa ɗan gishiri tun yana zafi.

Nawa ya yi baƙi-baƙi tun kafin in soya, me na yi ba daidai ba?

Iska ce ta taɓa shi, kamar yadda tuffa ko gauta ke yi in an yanka an bari. Ba ya cutarwa, muni ne kawai. Ki ɗora mai a wuta kafin ki fara guga, kuma kar ki haɗa ki tafi sallah ki dawo.

Nawa kuma ya sha mai ya yi laɓo-laɓo, wani ma ya wargaje a kaskon.

Abu uku ne, kuma na farkon ya fi yawa: ba ki matse ba. Ruwa in ya haɗu da mai sai zafin man ya faɗi, dankalin ya koma dahuwa da tururi maimakon suya, yana zaune yana zuƙar mai. Na biyu wutar ta yi ƙasa ko kin cika kasko. Na uku gishiri, da zarar kin sa shi yake fara jawo sabon ruwa daga dankalin, shi ya sa na ƙarshen kwano kullum ya fi jiƙa, ki riƙa ɗan matsewa da cokali a gefen kwanon kafin ki saka.

Irin dankalin ma da nasa. A Amurka da raset suke yi, mai yawan gari da ƙarancin ruwa. Dankalinmu na Jos sabon haƙa yana da ruwa sosai, in da hali ki nemi wanda ya kwana biyu, in babu ki ƙara matsewa ki ƙara fulawa cokali ɗaya. Amma kar ki yi ta antaya fulawa don ki huta da matsa, fanke za ki samu mai ɗanɗanon dankali.

Zan iya niƙawa a blanda?

Za ki iya, wasu gidajen ma haka suke so, mai laushi kamar ƙullu, kuma rigima ce tsohuwa tsakanin masu zare-zare da masu laushi. Ni ina ɓangaren zare. Su tsofaffin suna da barkwancin cewa latke ba ya daɗi sai an haɗa da ɗan fatar yatsan mai guga, ni kam na biya wannan harajin tun ranar farko.

Da me ake ci? Na ga wasu da farin abu wasu da wani kamar kunu.

Farin kirim ne mai tsami, ɗan uwan kindirmo mai kauri, ɗayan kuma tuffa ce da aka dafa aka dama. Nan ma gidaje sun rabu, amma asalin rabuwar ba son rai bane kawai, doka ce. A ƙa'idar kosha, wato dokarsu ta abin da ya halatta a ci, ba a haɗa nama da madara a ci ɗaya, har tukwane da cokula daban ake ware musu, kuma kitsen kaza nama ne a lissafinsu. Toh latken da aka soya da shmalts, ko aka ajiye shi gefen naman ƙirjin sa da suke dafawa a biki, ba shi ba kirim, sai tuffa. Wanda aka soya da man gwangwani shi ba nama ba madara, faref suke cewa, ya shiga ko'ina. Ko ƙwan da za a sa sai an fasa a kofi an duba, in da ɗigon jini a zubar.

Tuffa da albasa a baki ɗaya da farko sai da na yamutsa fuska, daga baya na gane tsamin ne ke yanke maiƙon. A gidana dai yara da yajin ƙuli suke ci, maigidan kuma da miyar ƙwai da shayi, ba wanda ya zo ya kama mu.

Musulmi zai iya ci?

Dankali ne da albasa da ƙwai da fulawa da mai, ki duba da kanki ki ga ko akwai abin tambaya a ciki, balle in a kicin ɗinki kika soya. Abin da zan ja hankali a kai shi ne kar a ɗauka duk abin da aka rubuta wa kosha halal ne kai tsaye. Sun haɗu da mu a haramcin alade da jini da mushe, amma giya ta halatta gare su, har da ita ake buɗe cin abincin daren Asabar, kuma takan shiga wasu dahuwar nama. Maganar halartar bikin kansa kuma ta malamai ce ba ta mai gireta ba.

Duk Yahudawa ne ke cin latke a Hanuka?

A'a, na Ashkenazi ne, wato 'yan asalin Jamus da gabashin Turai, kuma da yake su ne suka yi ƙaura Amurka da miliyoyi tsakanin 1880 da 1924 sai abincinsu ya zama shi duniya ta sani. A Isra'ila abin da ya mamaye bikin shi ne sufganiya, donot mara rami da ake ɗura wa jam a barbaɗa sukari, tun ana saura makonni gidajen burodi suke cika da shi. Yahudawan Maroko sfenj suke soyawa, ƙullun yis mai rami a tsakiya, ɗanɗanonsa ba shi da nisa da fanke, kuma Musulmin Maroko ma shi suke karyawa da shi da shayi. Zuriyar waɗanda aka kora daga Sifen a 1492 suka zauna a Turkiyya da Girka suna yin bimuwelos, ƙananan curi da ake tsomawa a zuma, da wata waina ta ganye ɗan uwan albasa. A Italiya kaza suke soyawa. Kowa dai abin da ke kasuwar garinsu ya jefa a mai.

Sauran bukukuwan nasu fa, su ma da abincinsu?

Kusan kowanne. A sabuwar shekara, Rosh Hashana, tuffa ake tsomawa a zuma don shekarar ta yi zaƙi. A Fesak, tunawa da fitar Banu Isra'ila daga Masar, kwana 7 ko 8 ba a cin komai mai yis, har share gida ake kar ɓurɓushin burodi ya rage, sai matsa, kuma a nan dankali ya sake ceton mutane don ana yin latke da garin matsa ko sitaci. A Furim akwai hamantash, biskit mai kusurwa uku da ake cusa wa jam ko ƙananan 'ya'yan wani fure mai suna fofi. Shabu'ot na kayan madara ne. Duk Asabar kuma akwai kala, burodi mai kitso, da colent, wake da nama da dankali da sha'ir da ake ɗorawa tun ranar Juma'a ya kwana a wuta kaɗan tunda ba a kunna wuta ranar Asabar. Yom Kifur shi azumi ne na kusan awa 25 ba ci ba sha.

Don ki san yadda suka ɗauki abin da zafi da kuma wasa, a Jami'ar Shikago tun 1946 ake shirya muhawara inda manyan farfesoshi ke sa rigar digiri su hau mumbari suna kawo hujjojin ilimi a kan wanne ya fi tsakanin latke da hamantash, kuma ba a taɓa yanke hukunci ba.

Ina da baƙi, zan iya soyawa tun da wuri?

Ɗanyen haɗin ba ya jira, soyayyen ne ke jira. In na awa ɗaya ne ki jera su a kan raga cikin obin mai ɗumi-ɗumi, kar ki ɗora wani kan wani kuma kar ki rufe a kula, tururi zai kashe ƙaras ɗin gaba ɗaya. In na kwanaki ne ki bari su huce ki sa a firiza, ranar da za a ci ki jera su a faranti ki sa a obin mai zafi wajen digiri 200 na minti 10 zuwa 15, ba sai sun narke ba. In babu obin, busasshen kasko a wuta kaɗan yana yi.

Gaskiya dai a gidan maƙwabciyata ban taɓa ganin latke ya kai teburi da yawa ba, jikokinta a tsaye suke cinyewa a bakin murhu suna hura yatsu, ita kuma tana korarsu da matsami tana ƙara zuba wani.

Warin man fa? Kwana uku gidana yana ƙauri.

Ki rufe ƙofofin ɗakunan kwana kafin ki ɗora kasko, ki buɗe tagar kicin ko da sanyi ake, ki kwashe mayafai da sallaya daga kusa. In kin gama ki tafasa ruwa da ɓawon lemo da kanumfari, ki bi da turaren wuta. Mai tsakar gida ta fitar da risho waje kawai. Kuma ki ɗaura tsohon ɗankwali, don gashi ya fi labule riƙe warin.